Ƙarfi da Suna: Me Ke Raya Sunan Jarumi Bayan Ya Bar Fage?



Ƙarfin jiki aro ne, tsufa kan zo ya karɓe abinsa. To, me ya sa sunan wani ƙaƙƙarfa kan wanzu bayan ya bar fage, na wani kuwa ya bi shi kushewa? Wannan ita ce tambayar da za mu duba a yau.

Bari mu fara da wani Bajamushe, Eugen Sandow, wanda aka haifa a 1867, ya rasu a Landan a 1925. Sana'arsa ita ce gina jiki da nuna ƙwanji a gaban jama'a. A zamaninsa akwai ƙarfafa da dama, amma shi ya gane amfanin hoto. An ɗauke shi a majigi a Amurka a 1894, ya kuma shirya babbar gasar masu gina jiki a Landan a 1901. Saboda haka siffarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Har yanzu ɗan mutum-mutuminsa ne ake bai wa zakaran gasar Mr. Olympia.

A ƙasar Hausa kuwa, abin da hoto ya yi wa Sandow, shi waƙa ta yi wa Shago. Dambe wasa ne da aka san mahauta da shi, ana yin sa da kaka, bayan amfanin gona ya zo gida. Wanda bai je fage ba, bai ga kisa ba, sai dai labari. Amma Shago ya sami Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin da ya mayar da karawarsa da Ɗan Dunawa abin ji a ko'ina. Sa'an nan ga gidan rediyon nan namu na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki muryoyin makaɗa irinsa ya kai su birni da ƙauye. Da haka mutumin da bai taɓa ganin Shago ba ya san kirarinsa.

Ashe ke nan suna yana bukatar abubuwa uku: bajintar jarumi, bakin da zai faɗe ta, da kuma ma'ajin da zai tsare ta. In ɗaya ya ɓace, sauran ba su isa ba. 'Yan dambe nawa ne suka yi zamani da Shago, suka kashe maza, amma don ba su sami mawaƙi ba, yau ko sunansu ba a tunawa?

Nan ne aikinku ya shigo. Faifai da kaset suna lalacewa, tsofaffin da suka ga fagen da idonsu suna ƙarewa. Ga Gidan Arewa nan kusa da mu, inda ake adana tarihin Arewa. Ku je wa dattawan garuruwanku, ku ɗauki bayaninsu, ku rubuta, ku kai ma'aji tun kafin dama ta wuce.