Hukuncin Haɗe Ofisoshin Zanen Gini Biyu, Ɗaya A Najeriya Ɗaya A Nijar

Tambaya:

Malam, ni mutumin 'Yankwashi ne, ina da ƙaramin ofishin zanen gine-gine a Kazaure. Wani abokin sana'ata da ke Damagaram yana so mu haɗe ofisoshinmu su zama kamfani ɗaya, suna ɗaya, asusu ɗaya, amma kowa ya zauna a garinsa. Jarina naira ne, nasa sefa. An ce mini malamanmu sun sharɗanta a yi aiki a wuri ɗaya. Shin wannan haɗewa ta halatta?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah Ya yi maka albarka da ka yi tambaya kafin ka sa hannu a takarda. Asali a sha'anin ciniki shi ne halacci, kuma iyakar da ke tsakanin ƙasashe ba ta haramta tarayya. Abin dubawa shi ne sharuɗɗan da za ku ƙulla a kai.

Irin wannan haɗewa sananniya ce a sana'arku. Kamfanin Dar Al-Handasah, wanda aka kafa a Beirut a 1956, kuma shi ya zana sabuwar gadar jifan Shaiɗan a Mina, ya mallaki kamfanin Perkins and Will na Amurka tun 1986. Shi kuma wannan na Amurka ya haɗe da Schmidt Hammer Lassen na Denmak a 2018. Abin da ake nema a irin wannan shi ne kowa ya samu shiga kasuwar ɗan'uwansa, a haɗa ƙwarewa, a karɓi aikin da ofis ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Wannan manufa ba ta da laifi a shari'a.

A fiƙihu, haɗewarku ta ƙunshi tarayya iri biyu: tarayyar aiki, wadda malamai ke kira sharikatul abdan, da tarayyar dukiya.

Game da tarayyar aiki, Imamu Shafi'i bai halatta ta ba, amma Malik da Abu Hanifa da Ahmad sun halatta. Wanda ya faɗa maka maganar wuri ɗaya bai ƙirƙira ba, domin haka Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala. Sai dai Shaihu Khalil a Mukhtasar ya halatta ta ko da a wurare biyu ne, matuƙar sana'ar ɗaya ce ko ɗaya na buƙatar ɗaya, kuma akwai taimakekeniya ta gaske. Masu sharhi sun ba da misali da maɗinka biyu a shaguna biyu, hannun kowannensu yana shiga aikin da ke ɗaya shagon. Abin da ake gudu shi ne mutum ya ci gumin wani alhali bai taɓa aikin ba.

To zane a yau da kwamfuta ake yi, ana tura shi ta intanet cikin ƙiftawar ido. Idan kai ka zana tsarin gida a Kazaure, shi ya yi lissafin rodi da siminti a Damagaram, taimakekeniya ta tabbata. Idan kuwa kowa zai yi aikinsa daban, babu mai leƙa na wani, sai ƙarshen shekara ku zuba kuɗi wuri ɗaya ku raba, wannan ita ce surar da Malikiyya suka hana, domin akwai garari a ciki.

Game da tarayyar dukiya kuwa, ka kiyaye abubuwa biyar.

Na farko, bambancin kuɗi. A mashahurin zance na Malikiyya ba a ƙulla tarayya da zinariya daga ɗaya da azurfa daga ɗaya, saboda canji ya cakuɗe da tarayya ba tare da karɓa hannu da hannu ba. Naira da sefa jinsi biyu ne. Mafita, kamar yadda hukumar ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain ta tsayar, ita ce ku zaɓi kuɗi ɗaya ya zama na kamfani, a ƙimanta ɗayan da farashin ranar da aka zuba jari, a rubuta. Ka ga yadda naira ta faɗi tun daga Yunin 2023. Wanda bai rubuta farashin ranar ƙulli ba, gobe zai ji abokinsa yana cewa kasonsa ya ninka.

Na biyu, kaya da suna. Kwamfutoci, injin buga zane, na'urar awon fili da mota, duk a yi musu kuɗi ranar ƙulli ta bakin wanda ya san farashi kuma ku biyu kuka yarda da shi. Sunan ofis da zanukan da kuka mallaka su ma dukiya ne, kamar yadda Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar a zamanta na Kuwait a 1988.

Na uku, riba da hasara. A Malikiyya duka biyun suna bin gwargwadon jari. Idan naka kashi 60 ne cikin 100, nasa 40, haka za ku raba riba, haka za ku ɗauki hasara, aiki ma a bisa wannan gwargwado. Hanafiyya da Hanbaliyya sun yarda a fifita wani a riba bisa yarjejeniya, amma hasara dole ta bi jari. Bai halatta a yanke wa ɗayanku wani adadi tsayayye a matsayin riba ba, ko a lamunce masa uwar kuɗinsa.

Na huɗu, tsofaffin basussuka. Kowa ya bayyana abin da ake bin sa da abin da yake bi. Kuɗin aikin da ba a biya ka ba tukuna ba ya zama jari sai ya zo hannu. Idan ɗayanku yana ɗauke da bashin banki mai ruwa, ya sauke shi kafin haɗewa, kada riba ta shigo asusunku ta bayan gida. Ɓoye bashi ga abokin tarayya ha'inci ne.

Na biyar, irin aikin da za a karɓa. Abokin tarayya wakilinka ne, abin da ya karɓa da sunan kamfani kai ma ka karɓa. Ku rubuta cewa ba za a zana gidan giya ko gidan caca ba, kuma ba za a ba da cin hanci don samun kwangila ba.

Bayan wannan, ku yi tanadin ranar da hanya za ta toshe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Ku fayyace tun yanzu wa zai duba ginin da ke tsallake, yaya za a tura kuɗi ta halastacciyar hanya, kuma yaya za a raba idan ɗaya ya so fita ko ya rasu, domin kason mamaci haƙƙin magada ne, wataƙila har da marayu.

Ku bi dokar ƙasashen biyu. A Najeriya ana rajistar kamfani a CAC, masu zanen gini suna ƙarƙashin ARCON, injiniyoyi ƙarƙashin COREN. Nijar tana bin dokar kasuwanci ta OHADA. Lasisinka na nan ba ya nufin kana iya sa hannu a zane a can, kuma ara wa wani hatiminka a kan zanen da ba ka duba ba shaidar zur ce da ka iya jawo gini ya rufta kan bayin Allah.

Ku rubuta komai da harshen da kowannenku ke fahimta, gaban lauya da shaidu biyu adalai, kowa ya riƙe kwafinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke tsare zumunci ranar da mantuwa ta zo.

Idan waɗannan sharuɗɗa sun cika, haɗewarku halal ce. Ka yi istihara, ka bincika amanar mutumin wurin waɗanda suka taɓa hulɗar kuɗi da shi. Allah Ya sa albarka a nemanku.

Allah ne Mafi sani.