Daga Karar Iware Zuwa Sakatariya: Yadda Motsa Jiki Ke Buɗe Wa Kitse Hanyar Jini

A karar Iware, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari a Jihar Taraba, aiki iri biyu ne ke fitar da gumi. Makiyayi yana koro shanu a hankali tun asuba, masu lodi kuwa sukan yi kokawa da bijimi na 'yan mintoci har numfashi ya sarƙe. Ma'aikacin da ke yini a kujera a Sakatariyar Tarayya ta Abuja, tumbi yana ƙaruwa, yana da dalilin tambaya: wanne daga cikin biyun ya fi gyara kitsen jiki?

Kitse nama ne mai rai, yana buƙatar jini. Idan ya ƙaru ƙananan jijiyoyi ba su bi shi ba, sai iskar oksijin ta yi masa ƙaranci, kumburi ya biyo baya, jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata. Nan ne ɗaya daga cikin ƙofofin ciwon suga. Babban sinadarin da ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro shi ne VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya tace a 1989, kuma motsa jiki yana zaburar da ƙwayar gadon da ke sarrafa shi.

Masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Jeffrey Horowitz, sun gwada ƙarfin motsin kansa. A binciken da suka wallafa a 2022, masu ƙiba 36 sun yi atisaye na mako 12, wasu matsakaici, wasu mai tsanani da hutu a tsakani. Jijiyoyi sun ƙaru a kitsen cikin rukunin biyu, alhali nauyinsu bai ragu ba. A 2024 kuma suka nuna cewa masu ƙibar da suka shafe aƙalla shekara biyu suna motsa jiki sun fi takwarorinsu yawan jijiyoyi a kitse.

Ke nan sikeli ba ya faɗin dukkan labari, kuma ɗorewa ta fi tsanani muhimmanci. Abin da tsanani ke saya shi ne lokaci: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Ma'aunin mai sauƙi ne. In kana iya hira amma waƙa ta gagara, matsakaici ne. In kalma uku ta yi wuya, ka shiga mai ƙarfi.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya ƙara wuta. Ga saura, tafiyar sauri ta minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ta cika mudun.