Babu Wanda Ya Maƙale A Sama, Kar Ku Tura Kuɗi

Tun makon jiya wani saƙon murya haɗe da bidiyo ke yawo a WhatsApp daga Gaya har Ajingi. Wai kumbo ya tarwatse a sararin samaniya, tarkacensa zai faɗo mana, shi ya tsare ruwan sama, kuma akwai ɗan Najeriya da ya tsira yana can maƙale, a taimaka a sauko da shi. Har da lambar akawun.

Bidiyon na gaske ne, sai dai ya girmi yawancin masu tura shi. Kumbon Challenger ne na Amurka, da ya fashe ranar 28 ga Janairu 1986, daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai suka mutu. Maganar tsare ruwa ba ta da tushe. Tarkace kuwa yakan faɗo jefi-jefi: a Disamba 2024 wani zoben ƙarfe mai kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya, bai kashe kowa ba.

Lambar akawun ɗin ce ta hana ni sakat. Shekaranjiya mai shayinmu ya zaro takardar POS daga aljihu, duk ta yi laushi da gumi, naira dubu biyu. Ya ce, "Malam, an ce ɗan'uwa Musulmi ne, ya zan yi barci?" Ban ga laifinsa ba. Da tausayinsa aka yanke shi.

Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da aka kafa a 1999, taurarin ɗan'adam take sa a harba mata, irin su NigeriaSat-1 a 2003, kuma babu mutum a cikinsu. Labarin ma tsohuwar damfara ce ta imel, ta wani wai shi Abacha Tunde, da aka ce ya maƙale tun 1990 ana neman masa dala miliyan uku. Hausa kawai aka sa mata. Ko da 'yan sama jannati biyu, Butch Wilmore da Suni Williams, suka yi wata tara a tashar sararin samaniya, NASA ce ta dawo da su a Maris 2025, ba a kewaya da ƙoƙon bara ba.

Wanda ya naɗi muryar nan ya san abin da yake yi, ɓarawo ne. Amma ku ’yan boko da kuka danna kuka tura wa iyayenku, me ya hana ku bincika? Na raka mai shayin banki ya kai ƙorafi, yana riƙe da takardarsa, yana ta tambayata ko kuɗin za su dawo.