Tarawa Daban, Haɗawa Daban

A wannan wata za mu duba wata magana ta Turanci wadda yaranmu kan ci karo da ita a jarrabawar sakandare, manya kuma kan ji ta a bakin ma'aikatan agaji, wato "bring together".

Kalmomi biyu ne, "kawo" da "tare", amma in an gama su sai ma'ana ta zama haɗa kan mutane, ko sasanta waɗanda suka ɓata. Akwai ƙa'idar da ke kada ɗalibai: suna yana iya zuwa a tsakiya ko a ƙarshe, amma wakilin suna tilas ya zauna a tsakiya. Akan ce "bring them together", ba a cewa "bring together them". Kada kuma a rikita ta da "come together", wadda ake faɗa in mutane sun haɗu don kansu.

Ɗalibanmu a nan Abu Hujar sukan fassara ta da "tarawa", mu kuwa mukan ce da sauran gyara. Kasuwa tana tara mutane, amma kowa da abin da ya kawo shi. Gayya kuwa, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir, haɗa su take yi, domin gona ɗaya ake nomewa, a ci daga akushi ɗaya.

Tarihinmu ma shaida ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya haɗa kan masu hijira, Fulani da Hausawa, suka kafa Maiurno a bakin wannan kogi namu. Mun kuma ɗanɗani kishiyar haka. A Yulin 2022 rikicin ƙasa ya raba Hausawa da maƙwabtansu a wajajen Rusairis da Damazin, aka yi asarar rayuka. A Yunin 2024 yaƙi ya iso Sinja, iyalai suka watse. Gudun hijira ya tara dubban mutane wuri guda, amma haɗa zukatansu aikin dattawa ne masu sulhu, waɗanda ake kira ajawid.

Saboda haka muna roƙon iyaye, in yaro ya kawo muku wannan darasi gida, ku tambaye shi wa ya taɓa sasantawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya haɗa kanmu, amin.