Dutsen Dala

Dutsen Dala yana tsakiyar tsohon birnin Kano, a arewacin Nijeriya, kudu da Damagaram. Tsayinsa mita 534 ne, amma daga bakin teku ake ƙidaya wannan awo. Birnin kansa a kan tudu yake, saboda haka yaro mai ƙwari yana iya hawa dutsen bai gaji ba. Ƙasarsa ja ce, kansa kuma shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Wanda ya tsaya bisa yana hango Goron Dutse daga yamma, da rufin gidaje iyakar ganinsa.

Me ya jawo mutane wurin? Tama ce, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Masu bincike sun tono tsofaffin wuraren narka tama a gindin dutsen, sun gano cewa tun ƙarni na 7 ake wannan aiki a can.

To, daga ina sunan ya fito? Littafin Tarihin Kano ya ce wani mutum ne mai suna Dala ya zo ya gina gida a kan dutsen. Ba a san ƙabilarsa ba, ba a san ƙasar da ya baro ba. Ya haifi ƴaƴa, zuriya ta yaɗu, sai dutse ya ci sunan mai gida. Cikin zuriyarsa akwai Barbushe, ƙaton maharbi, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Wannan kam sai mu ce labarin kaka da kakanni ne. Shi ne shugaban masu bautar Tsumburbura kafin Musulunci, kuma ba ya saukowa daga dutsen sai ranakun biki.

Daga dutse sunan ya sauka gari. Har wajen ƙarshen ƙarni na 15 mutanen Barno da Dala suke kiran birnin. Daga baya sunan Kano ya rinjaya. An ce shi ma sunan wani maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama.

Yau gidaje sun matse dutsen ta kowane gefe, ruwan damina kuma yana zaizaye shi kowace shekara. Sunan dai yana nan: unguwar da ke gindinsa Dala ce, ƙaramar hukumar ma Dala ake ce mata.