Allon Aikin Jam'iyyar Manoma A Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa zama taron jam'iyyar gama kai ya san maganar nan: "Ai na zaci wane ya tafi." Taki bai iso ba, ma'aji na tsammanin magatakarda ya aika, magatakarda kuwa na jiran ma'aji. Kafin a farga masara ta yi ja.

To, jama'a, akwai manhajojin waya da aka yi musamman domin wannan cuta, irin su Trello da Asana. Asalin dabarar daga Japan take, a kamfanin motoci na Toyota, inda wani injiniya Taiichi Ohno ya tsara ta a shekarun 1950. Suna kiranta kanban, watau allo ko kati. Trello ta fito a 2011, kamfanin Atlassian ya saye ta a 2017.

Ga yadda abin yake. Allo ne aka tsaga gida gida, kowane gida mataki ɗaya. Kowane aiki yana da katinsa, in ya ci gaba sai a ja katin da yatsa zuwa gida na gaba, duk 'yan jam'iyya su gani a wayoyinsu. Sunayen gidajen ku za ku rubuta, da Hausa ma in kun so.

Wurin sa matakan nan ne ake yin ɓarna. Kada a haɗa gonaki da saye-saye a allo ɗaya. A allon gonaki, kati gona ce, matakai kuwa shara, huɗa, shuka, noman fari, maimai, girbi. A allon saye, kati kaya ne: an nema, an biya, ya iso, an raba. Lalle ne "an biya" da "ya iso" su zama gida biyu dabam, ko da akawu zai ce an cika tsawaitawa. Dalili kuwa, masara tana son takin NPK cikin mako biyu da shuka, a bi ta da yuriya tsakanin mako 4 zuwa 6. Idan katin yuriya ya kwana ashirin a gidan "an biya", kowa zai ga kuɗi sun fita amma buhu bai shigo sito ba, a tashi a bi sawu tun lokaci bai ƙure ba. In gida ɗaya ne, sai a ɗauka an gama, alhali dillali ne ke juya kuɗin.

A sa wa kowane kati sunan mutum ɗaya da ranar da ake so a kammala. Ni dai ban yarda da katin da aka rubuta wa "kwamiti" ba. Kuma a yi yarjejeniya tun farko kan abin da ake nufi da gamawa. Wake ba ya shiga gidan "an adana" sai ya bushe sarai, an zuba shi a buhun PICS mai ruɓi uku, an ɗaure kowane ruɓi dabam. Wanda ya yi aiki ba shi zai kai kati gidan ƙarshe ba. Ya manna hoton rasit a jikin katin, ma'aji ya duba, sa'an nan ya ja.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta mutanen Toyota: a ƙayyade yawan katin da gida zai ɗauka. Jam'iyyar da ke da tarakta ɗaya, in ta jera gonaki 12 a gidan "ana huɗa", kanta take ruɗi. A bar biyu, sauran su jira layi, kowa ya san ranarsa.

Dattawan da ba su riƙe babbar waya fa? Magatakarda ya kwafe allon da alli a bangon sito kowace ranar kasuwa, ya karanta musu katunan da suka makale da sunayen masu su.