Daga Labarina zuwa Star Wars: Gardamar masu kallo kan tsofaffin jarumai da labarin da ba a tsara ƙarshensa ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa da yamma a shagon masu tura fina-finai a waya a Jega, yana jiran a cika masa memori, ya san ba a rasa gardama a wurin. In ba ƙwallo ba, to fim. A cikin gardamar fim kuma akwai wadda ta ƙi mutuwa duk da shekarun da ta kwashe: wace ce Sumayya ta gaskiya a Labarina?

Ga wanda bai bibiyi shirin ba, ga yadda abin yake. Labarina, wanda Malam Aminu Saira ke ba da umarni, ya fara fitowa a 2020 a tashar Arewa24 da kuma YouTube, kuma cikin ɗan lokaci ya zama shirin da ake jira duk mako. Ginshiƙinsa Sumayya ce, wadda Nafisa Abdullahi ta hau, sai Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, ga su Presdo da Lukman da Baba Ɗan Audu a kewaye.

Sai ginshiƙan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Nuhu Abdullahi ya bar shirin, aka kashe Mahmud a cikin labarin. Maryam Waziri, wadda ta fito a Laila, ta yi aure a 2021. A watan Afrilun 2022 Nafisa Abdullahi ta sanar da cewa ita ma ta fita, ta kafa hujja da ƙarancin lokaci saboda harkokinta. Kamfanin Saira Movies ya ɗauko Fati Washa ya ba ta sunan Sumayya aka ci gaba. Bayan an rufe wannan labari, a 2023 sai aka buɗe wani sabo fil, na Alhaji Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya jagoranta, aka bar masa sunan Labarina.

Abin da ake ja a kai

Idan ka saurari masu gardamar da kyau, a Jega ne ko a majalisun shayi na Maiyama, za ka ji batu biyu ne suka cuɗe da juna.

Na farko na fuska ne. Masu wannan ra'ayi na ganin Sumayya da Nafisa abu ɗaya ne, ranar da ta tafi ranar ya kamata a rufe labarin. Ba wai suna raina Fati Washa ba ne, don kowa ya san ta iya aiki. Ƙorafinsu shi ne sun shafe kusan shekara biyu suna kuka da dariya da fuska ɗaya, sai aka wayi gari aka ce su mayar da wannan shaƙuwar kan wata. Abokan gardamarsu kuwa cewa suke Sumayya ta marubuci ce, 'yar wasa aro aka ba ta, kuma gara a sauya fuska a ƙarasa labari da a bar mutane a tsakiyar hanya.

Na biyun ya fi zafi, kuma shi ne a ganina tushen na farkon: shin tun ranar da aka fara ɗauka an san inda labarin zai tsaya? Masu kallo da yawa sun ɗauki mutuwar Mahmud a matsayin gyaran dole, wato ɗan wasa ne ya tafi aka bi shi da alƙalami. Ko haka ne ko ba haka ba ne, da zarar mai kallo ya fara irin wannan zato, to duk mutuwa da duk tafiya da duk rashin lafiyar da ya gani a shirin nan gaba sai ya tambayi kansa wa kuma ya yi rigima da furodusa. Daga nan ya daina kallon labari, ya koma kallon bayan fage.

Masu biliyoyin dala ma sun faɗa ramin

A Aliero, inda jami'ar kimiyya da fasaha ta tara matasa masu kallon fina-finan Amurka a kwamfuta da waya, gardamar kan ɗauki wani salo. Da an ambaci Labarina sai wani ya kawo Star Wars, fim ɗin almarar kimiyya na yaƙe-yaƙen sararin samaniya, don ya nuna cewa matsalar ba ta talaucin Kannywood ba ce. Kuma yana da hujja.

George Lucas ne ya fito da Star Wars na farko a 1977, da jarumai uku da duniya ta haddace: Luke Skywalker, Gimbiya Leia da Han Solo. A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan kimanin dala biliyan 4, ya sanar da sababbin fina-finai uku da za su ci gaba da labarin. Lucas ya miƙa musu tsarin labarin da yake da shi a rai, ba su bi shi ba.

Na farkon, The Force Awakens na 2015, J.J. Abrams ne ya ba da umarni, ya kuma tara sama da dala biliyan 2. Ya dasa tambayoyi: su wane ne iyayen sabuwar jarumar, Rey? Wane ne mugun nan Snoke? Sai aka miƙa na biyu, The Last Jedi na 2017, ga wani darakta daban, Rian Johnson. Shi kuma ya ce iyayen Rey ba kowa ba ne, ya kashe Snoke ba tare da dogon bayani ba, ya nuna Luke a matsayin tsohon da ya yanke ƙauna ya ɓuya a tsibiri. Mark Hamill, wanda ke fitowa a Luke tun 1977, ya faɗa a fili cewa bai yarda da yadda aka juya jarumin ba, ko da yake daga baya ya nuna nadamar fitar da maganar.

Na ukun ya fi kowanne shan wahala. Daraktan da aka tsara tun farko, Colin Trevorrow, ya rabu da aikin a 2017, aka dawo da Abrams. A The Rise of Skywalker na 2019 sai ga Rey ta zama jikar Palpatine, mugun sarkin da aka ga ƙarshensa tun a fim ɗin 1983, wanda aka farfaɗo da shi ba tare da fina-finai biyun da suka gabata sun share masa hanya ba. Kuɗin da fim ɗin ya tara ya ɗan haura dala biliyan 1, kusan rabin na 2015.

Abin da ya fi ci wa tsofaffin masoya rai shi ne, a duk fina-finan uku babu fage ko ɗaya da Luke da Leia da Han suka tsaya tare. An kashe Han a na farko, Luke ya mutu a na biyu. Carrie Fisher, wadda ke fitowa a Leia, ta rasu a watan Disambar 2016 kafin a fara ɗaukar na uku, sai aka tattaro ragowar hotunanta da ba a yi amfani da su ba aka gina fage a kansu. Mutanen Aliero, garin da ya yi suna wajen ɗorin karaya, sun san ko ɗori ya yi kyau, mai ido yakan gane inda ƙashin ya taɓa karyewa. A 2021 Abrams da kansa ya amsa a wata hira cewa ya koyi muhimmancin shiga aiki da tsari.

Sai dai masu cewa tsari ne maganin komai su ma akwai tambayar da ke jiransu. Fina-finai uku na asali da ake yabo ba a tsara su daga farko har ƙarshe ba. A rubutun farko na fim ɗin 1980, Darth Vader ba shi ne mahaifin Luke ba, daga baya Lucas ya kawo wannan. A wannan fim ɗin ma Leia ta sumbaci Luke, sai a 1983 aka ce ai wa da ƙanwa ne, tagwaye ma. Bambancin da nake gani shi ne a wancan lokacin mutum ɗaya ne ke riƙe da linzami, ko ya sauya hanya ya san abin da ya faɗa a baya kuma yana ƙoƙarin kada ya ƙaryata kansa. A sababbin kuwa, kowane darakta ya zo yana warware saƙar wanda ya gabace shi.

Misalin da masu kallonmu suka fi sani na labarin da aka san ƙarshensa shi ne Baahubali na Indiya. An rufe kashi na farko a 2015 da Kattappa ya soke Baahubali, aka bar duniya shekara biyu tana tambayar dalili. Da amsar ta zo a 2017 ta zauna daram, domin S.S. Rajamouli ya riga ya san ta kafin ya yi tambayar.

Me ya sa abin ya fi wuya a Kannywood?

A nan adalci ya kamata a yi wa masu shirya fim na Kano. Tun da kasuwar faifan CD ta durƙushe, masana'antar ta koma kan shirye-shirye masu dogon zango, kuɗin kuma daga YouTube da tallace-tallacen da ake sakawa a ciki yake fitowa. Wanda ya samu shirin da ya karɓu ba ya son ya rufe shi, domin rufewa na nufin komawa neman masu kallo daga farko. Sai labarin da ya isa zango biyu a ja shi zuwa biyar. Tsawon da ake ƙarawa kuma shi ke ba rayuwa damar shigowa: wannan ta yi aure, wancan ya samu aikin da ya fi tsoka, wani ya saɓa da furodusa.

Aure kaɗai babban al'amari ne da Disney ba ta san shi ba. A al'adar Kannywood, yawancin 'yan wasa mata kan ajiye fim idan suka yi aure. Marubucin da ya ɗora labarin shekara uku a kan budurwa ɗaya, caca yake yi ko ya sani ko bai sani ba. Ga kuma mutuwa, wadda ba ta neman izinin kowa. Izzar So, na Lawan Ahmad, ya rasa daraktansa Nura Mustapha Waye a 2022 ana tsakiyar tafiya, dole wasu suka ɗora daga inda ya tsaya.

Shi ya sa nake ganin matakin da Saira Movies ya ɗauka a 2023, na rufe labarin Sumayya a buɗe na Mainasara, ya fi sauya fuskar hikima, duk da surutun da ya jawo. Sunan Labarina ya zama rumfa, labarai na shiga suna fita, babu ɗan wasan da tafiyarsa za ta rushe gidan gaba ɗaya. Masu adawa sun ce yaudara ce a sayar da sabon kaya da tsohon suna, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Amma wanda ya sayi data da kuɗin guminsa, ko ya biya mai shago ya tura masa, ya fi buƙatar labarin da zai kai ƙarshe a hannun mutanen da suka fara shi.

Akwai kuma wani matsin lamba da ya zo ta inda ba a zata ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Hukumar ba don ingancin rubutu ta yi haka ba. Amma duk wanda aka tilasta wa ya kai aikinsa a duba kafin ya saka, dole ya riƙa ɗauka da wuri, wanda zai ɗauka da wuri kuma dole ya zauna da marubuci da wuri.

A can Amurka kuwa, a 2023 Lucasfilm ya sanar da cewa Daisy Ridley za ta dawo a matsayin Rey a wani sabon fim, wanda labarinsa zai faru shekara 15 bayan na 2019. Wannan karon ita ce za ta zama tsohuwar jarumar da masoya za su sa wa ido su ga yadda za a yi da ita. Tun bayan sanarwar an sauya marubucin fim ɗin.